Ramin da Baffa Ya Haƙa a Bayan Makaranta

Rediyo ce ta tayar mini da wannan tsohon miki. Ran nan da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tsinke zogale, babban ɗana ya shigo gaishe ni ya zauna a bakin tabarma, rediyo tana gefe tana ta surutunta ba mai kula ta. Sai na ji muryar wata yarinya, wai daga ma'aikatar gwamnati take, da wata kuma daga wata ƙungiyar sa kai, suna bayanin yadda suke zaga makarantu suna raba wa 'yan mata audugar mata, suna koya musu yadda za su kula da kansu in baƙon wata ya zo. Ɓaro-ɓaro suke faɗar abin, har da dariya, kamar masu hirar tsadar tumatir. Ɗan nawa ko a jikinsa, wayarsa yake dannawa. Ni kuwa, da furfurata da jikokina, sai kunya ta rufe ni. Na miƙe na ce bari in duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba. Na je na tsaya a gaban murhu ina kallon toka, ina tuna ranar da aka fara faɗar irin wannan magana a bainar jama'a a garinmu, da yadda ta sauka a kaina.

Garinmu ɗan ƙauye ne a gindin duwatsu, ba nisa da Dutse. A lokacin ba a jima da mayar da Dutse babban birnin jiha ba, motocin gwamnati sun fara yawa, amma mu ba abin da ya canza mana. Kakanninmu makiyaya ne da suka gaji da yawo suka zauna, saboda haka akwai 'yan shanu a bayan gida, akwai gona. Abin da ke tashin yarinya da safe ba kiran kowa ba ne, ƙarar taɓarya ce. Gida ɗaya zai fara, maƙwabta su amsa, kafin rana ta leƙo ta bayan dutse duk garin ya ɗauki lugude, kana iya gane matar da ke daka daga jin saukar taɓaryarta. Ta Innarmu a hankali take sauka, da nauyi, ba ta gaggawa. Daga nan sai kukan maruƙa ana tatsa, sai ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, sai mu 'yan mata a jere da tuluna a kan gammo, ruwa yana zubo mana a wuya. Yanzu in na farka, babura nake ji da injin niƙa da masu kiran ruwan leda. Ban ce da ya fi yanzu ba, don bayana bai manta nauyin tulu ba. Amma a wancan lokacin na san kowane sauti da mai shi.

Akwai kuma abubuwan da ba su da sauti. A gidanmu Goggo, wato mahaifiyar Baffa mahaifina, ita ce mai tarbiyyar 'yan mata, kuma tarbiyyarta kusan duk ta shiru ce. Ba a cin abinci a gaban baƙo, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a bari namiji ya gan ki kin nufi bayan gida da buta. Takan ce mace ba ta faɗin abin da ke damunta, zama take da shi har ya gaji ya tafi. Ranar da na fara ganin jini, na je na gaya mata, ba ta dube ni ba. Ta yago tsohon zane ta naɗe ta miƙo mini, ta ce in daina salla sai na ga ya ɗauke, kuma kada ko inuwata ta sani. Iyakar karatun da aka yi mini ke nan a kan abin da zai bi ni shekara da shekaru.

Ina ajin ƙarshe a firamare lokacin. Makarantar tamu ɗakuna ne na ƙasa da rufin kwano, ba katanga, ba ruwa, ba banɗaki. Maza in sun matsu sai su zaga bayan dutse. Mu kuwa in mun zaga, sai su hau saman dutsen suna leƙe suna jifa da ƙwallon goruba. Saboda haka muka koyi dabara: ba ma shan ruwa da safe, ba ma shan koko da yawa, mu daure har a tashi. Duk da haka ina son makarantar nan kamar raina. Lissafi ne abin da na fi iyawa, har malaminmu yake cewa in aka yi jarrabawar shiga sakandare ni ce zan fara fitar da garin kunya. Baffa ba mai yawan magana ba ne, amma na sha jin sa yana gaya wa abokansa a zaure cewa 'yarsa tana ƙirga buhunan gero da ka kafin mai awo ya gama lalube.

Wata rana malam ya kira ni gaban allo. Kayan makarantarmu farare ne. Na tashi na karɓi alli na juya baya na fara rubutu, sai na ji ajin ya yi tsit, sannan wani yaro ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Na zaci kuskure na yi a lissafin, har na goge na sake. Malam ya duƙar da kai ya ce, "Je ki zauna," da wata irin murya da ban san shi da ita ba. Wata ƙawata ce ta zare ɗankwalinta ta ɗaura mini a ƙugu, ta ja hannuna muka fita. Har muka wuce rijiya ina jin dariyar a bayana. Ban sake komawa ba. Inna ta tambaye ni sau ɗaya, na ce kaina ke ciwo, ta dubi Goggo, Goggo ta dubi ƙasa, magana ta mutu. Ba ni ce ta farko ba. Kowace shekara manyan 'yan mata haka suke zubewa ɗaya bayan ɗaya daga ajin ƙarshe, a ce sun girma.

Ana nan sai aka ce baƙi za su zo daga Dutse saboda maganar karatun 'yan mata. Mutum biyu ne jagorori. Ɗaya jami'in ilimi ne na ƙaramar hukuma, dogo mai farin gilashi. Ɗayar wata dattijuwa ce da ta yi aikin jinya har ta ajiye, ta haɗa kan wasu mata malamai da ma'aikatan asibiti suka kafa ƙungiya, suna yi don Allah. A unguwar Limawa ta cikin Dutse take zaune, don haka muke ce mata Hajiyar Limawa. Zuwansu na farko sun tambayi dattawa dalilin da 'yan mata ke barin makaranta, aka ce talauci ne, ba littafi, ba kayan sawa. Suka koma suka haɗa ƙarfi, hukuma ta kawo littattafai, ƙungiya ta ɗinko kayan makaranta. Farare tas. Aka yi rabo, aka yi addu'a, 'yan mata suka cika aji na ɗan lokaci, sannan manyan suka sake zamewa. Nawa kayan Inna ta ninke ta sa a ƙasan adaka.

Hajiyar Limawa ba ta haƙura ba. Ta daina tsayawa a ƙofar dagaci, ta fara shiga gidaje. Ranar da ta shigo namu ta tarar muna surfe, ta ajiye jakarta ta karɓi taɓarya daga hannun Inna ta yi 'yan lugude har muka yi dariya. Ta sha fura, ta yaba nonon. Goggo dai tana gefe tana kaɗa mazari. Da Hajiya za ta tafi sai ta ce in raka ta. Muna tafe ta bi ta hanyar da ba kowa, ta gindin dabinai, ta ce, "'Yata, malaminku ya ce ke ce kan gaba a aji. Mai kan gaba ba ta barin karatu saboda littafi. Me ya faru?" Na ci gaba da tafiya. Ta ce, "Shekaruna nawa ina karɓar haihuwa. Ba abin da jikin mace zai yi da ban gani ba." Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na gaya mata komai, da allon, da dutsen, da ƙishirwar da muke wuni da ita. Na kama gefen mayafinta na ce, "Hajiya, don Allah kada ki gaya wa kowa." Ta dube ni ta ce, "Sunanki ba zai fito daga bakina ba. Amma maganar, in na binne ta, ƙannenki ma a nan za su tsaya."

Ta cika alkawari, ba ta kira sunana ba. Sai dai a gari irin namu ba a bukatar suna. An yi taron a gindin cediyar ƙofar dagaci bayan la'asar, maza a kan tabarmi, mu mata muna bayan zana muna saurare. Jami'in ya yi nasa bayanin, sannan ya ce Hajiya tana da magana. Ta miƙe ta yi sallama, ta ce dattawa su gafarce ta, za ta faɗi abin da ba a saba faɗa ba. Ta ce ba littafi ne ya kori 'ya'yanku ba. Ta ce yarinya tana balaga a makarantar da ba inda za ta kewaya, ba ruwan da za ta wanke jikinta, jini ya ɓata mata tufa a gaban maza a yi mata dariya, wace ce za ta koma? Wani tsoho ya ce subhanallahi ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Wasu suka bi shi. Ta hudar zana na hango kawuna suna juyawa a hankali wajen Baffa, domin 'ya'yansu maza sun riga sun kai labarin allo gidajensu tun tuni. Baffa yana zaune, sandarsa a kan cinya, idonsa a ƙasa. A bayan zana kuma mata suka dare suka bar ni tsaye ni kaɗai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, ban waiwayo ba.

Jami'in nan, Allah ya saka masa, bai gudu ba, ko da yake shi ma gilashinsa ya cire yana ta gogewa. Ya ce shi ajujuwa da malamai aka ba shi, amma filin makaranta a hannunsu yake, zai ba da izinin gina banɗaki, zai turo magini da kwanon rufi, zai kuma nemo malama mace ko da guda ce. Hajiya ta ce ƙungiyarsu za ta kawo siminti da ƙofofi da randa da butoci, kuma matansu za su riƙa zuwa suna koya wa 'yan mata ɗinka ƙunzugu mai tsafta. Abu ɗaya suka bar wa gari: haƙa rami da kawo yashi. Dagaci ya ce an ji. Aka shafa fatiha da sauri kamar ana korar mutane.

A gida Goggo ta ce wannan mata ta zo ta tuɓe mu a kasuwa. Inna tana ta kuka a ɗaki. Baffa kuwa bai ci tuwon dare ba. Na daina zuwa rijiya sai da tsakar rana lokacin da ba kowa. Siminti ya zo aka jibge a ofishin hedimasta, magini ya zo ya duba ya koma, don ba wanda ya haƙa komai. Wane magidanci ne zai yarda a ce shi ne mai haƙa wa 'yan mata masai? Samari in sun haɗu sai su riƙa tsokanar juna da shi. Har aka fara cewa hukuma za ta kwashe kayan ta kai wani gari.

Wata safiya bayan an fito daga masallaci, kafin taɓarya ta farko ta sauka, sai muka ji wani sauti daban daga wajen makaranta. Ƙarfe ne yake dukan dutse. Ƙasarmu ba ta haƙuwa da daɗi, in ka yi ƙasa kaɗan sai ka tarar da tsakuwa da falalen dutse. Inna ta leƙa zaure ta ga ba Baffa, ba diga. Ta dawo ta zauna a bakin turmi. Baffa shi kaɗai ya tuɓe riga ya wuni yana sara, mutumin da ko a gona ba ya son a gan shi ba riga. Mutane suna wucewa suna kau da kai. Washegari wani maƙwabcinmu mai 'ya'ya mata ya ɗauki shebur ya bi shi. Daga nan aka ƙaru. Ni ina ɗaki ina jin kowane sara a ƙirjina. Da yamma in ya dawo, tafin hannunsa duk ya fashe, ni ce mai kai masa ruwan wanka, in ajiye in juya da sauri don kada mu haɗa ido.

Aka gama gini, ɗakuna biyu da ƙofofin ƙarfe masu sakata, da 'yar katanga da ta tare idon masu hawa dutse, da randa a gefe. Malamar ma ta zo, wata siririya daga wajen Ringim. Ranar da aka sa sakata ta ƙarshe Baffa ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, bai shigo ba, ya ce, "Ki gaya mata an gama. Gobe ta shirya." Inna ta ciro fararen kayan nan daga adaka, suna ƙanshin kanumfari. Na sa, na ɗauki littattafaina, na fita. Na yi tafiya har gindin dutsen da in ka zaga shi za ka ga makaranta. A nan na ji muryoyin yara maza suna wasa, ɗaya yana ce wa ɗaya ya zo su je su ga sabon ofishin wance, ya kira sunana. Ashe sunan da suka sa wa ginin ke nan. Na tsaya. Na daɗe a wurin har na ji an buga ƙararrawa, sannan na juya.

Baffa yana ɗaure ɗan maraƙi na shigo. Ya dubi kayan jikina, ya dubi rana. Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi haƙuri." Na so ya zage ni, na so ma ya ɗauki igiyar nan ya zabga mini. Sai ya ce, "To," ya ci gaba da ɗaurinsa. Har Allah ya karɓi ransa bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa iya ce masa sannu da aikin ramin nan ba.

Sauran 'yan matan sun koma, ba duka ba, amma da yawa. Sunan da aka sa wa ginin ma bai daɗe ba ya ɓace, yara suka samu wani abin tsokanar. Da na ƙara haƙuri kaɗan da ya wuce a kaina. Ƙanwata da ke bi na ta gama firamaren nan ba tare da ta san ana ƙin shan ruwa da safe ba, ta wuce sakandare, yau ita ce ke duba masu ciki a wani asibiti. Ni na yi aure a lokacin da nake so, ga wanda nake so, na yi sana'ar fura da nono na rufa wa kaina asiri, ban ce rayuwata ta lalace ba. Amma in na ga ƙanwata ta rataya abin awonta a wuya, wani abu yakan motsa mini. Hajiyar Limawa ta ci gaba da zuwa garinmu shekaru. Duk ranar da na ji motarsu sai in shige bayan rumbu. Ta aiko a kira ni ya fi a ƙirga, ban je ba. A raina ita ce ta tona mini asiri, kuma na riƙe wannan fushin har na haifi 'ya'ya mata na kaina, na ga sun tafi makaranta da gorar ruwa a hannu.

'Yan matan yanzu ba su san wannan duniyar ba. Jikata takan ce wa uwarta a gaban kowa cewa audugarta ta ƙare, ni ce nake sunkuyar da kai. Wani lokaci ina ganin bakinsu ya yi yawa, ina ganin an rasa wani abu mai kyau da muke da shi. Ina kuma ganin wasu masu rabon na yanzu hoto ya fi damunsu, su jera yara da kwali a hannu a ɗauka su tafi, banɗakin kuwa a kulle saboda ba ruwa. Amma in na tuna yawan 'yan matan da shirunmu ya cinye, masu kai irin nawa da waɗanda suka fi ni, sai in daina ganin laifinsu. Kunyar da aka koya mana ta yi mana ado, ta kuma yi mana sata, kuma mu da kanmu muka riƙa yi mata gadi.

Da Hajiya ta rasu, ƙanwata ce ta zo ta ce in shirya mu je gaisuwa. Na so in kawo uzuri, ta ce, "Yaya, wannan karon ba rumbun da za ki shiga." Muka je Limawa. Gidan ya cika da mata har waje, daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, wasu daga wajen Ringim, wasu daga Kafin Hausa, kowace da labarin abin da marigayiyar ta yi a makarantarsu. Na samu gefen tabarma na zauna kusa da wata mata mai kamala, ta ce shugabar wata makaranta ce. Ta tambaye ni garinmu, na faɗa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ikon Allah! Ai daga garinku abin ya faro. Hajiya ta sha gaya mana, ta ce su da hukuma sun yi ta rabon littattafai a banza, sai da wata yarinya a garinku ta yi ƙarfin halin gaya mata gaskiya. Ta ce ta cuci yarinyar nan, ta sa ta a bakin duniya, kuma har ta tsufa ba ta samu ta nemi gafararta ba. Mun yi mun yi ta faɗi sunanta, ta ƙi. Ko kin san ta?"

Ƙanwata ta dube ni. Na ja mayafina na rufe rabin fuskata, na ce garin da yawa, an kuma daɗe.

Matar ta ɗaga hannu ta ce, "To duk inda take, Allah ya yi mata albarka, ya sa ta yafe wa Hajiya." Matan da ke kusa suka amsa da amin. Ni ma na amsa, a hankali, kaina a ƙasa.